Kawalwalniya Ba Ta Kashe Ƙishirwa

Duk wanda ya taɓa tafiya cikin hamada da rani ya san kawalwalniya. Rana ta take, ƙasa ta yi zafi, ruwan salka ya kusa ƙarewa. Sai matafiyi ya ɗaga kai ya hango ruwa can gaba, yana ƙyalli kamar tabki. Baƙo yakan yi murna, ya ƙara sauri. Amma madugu ba ya ko karkata akalar raƙuminsa, gama ya sani babu ruwa a wurin. In ka bi kawalwalniya, ja da baya take yi. Kana binta, ƙarfinka yana ƙarewa, kana kuma ƙara nisa da rijiya ta gaskiya.

Ya mai karatu, ina so in ba ka labarin wani birni da ke cikin hamada, inda mutane suke zuwa hutu daga ko'ina cikin duniya. Watakila ba za ka taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Duk da haka ka karanta har ƙarshe, domin labarin ya shafe ka.

BIRNIN DA KE TSAKIYAR HAMADA

Sunan birnin Las Vegas. Yana cikin jihar Nevada, a yammacin ƙasar Amurka. Ma'anar sunan da harshen Sifaniyanci ita ce makiyaya mai ɗanyar ciyawa, gama a dā akwai idanun ruwa a wurin, inda matafiya suke ya da zango su shayar da dabbobinsu. Ruwan sama da ake samu a shekara wajen milimita 100 ne kawai, kusan irin na Agadas.

An kafa garin a shekarar 1905, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa wurin. A 1931 jihar Nevada ta halatta caca. A wannan shekara kuma aka soma gina babbar madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado, dubban ma'aikata suka zo da albashi a aljihu. Daga nan gidajen caca suka soma yawa. A ƙarshen 1946 aka buɗe wani otal mai suna Flamingo. Mutumin da ya ƙarasa gininsa, Bugsy Siegel, sanannen ɗan ta'adda ne. Wata shida bayan buɗewar aka harbe shi har lahira, ba a kuwa taɓa hukunta kowa a kan kisan ba.

Yau manyan otal-otal suna jere a kan hanya guda mai tsawon kusan kilomita 7. Waɗansu suna da ɗakuna fiye da 3,000. A shekarar 2019 baƙi fiye da miliyan 42 suka ziyarci birnin. Mutanen Amurka da kansu suna yi masa kirari da Birnin Zunubi. Ba mai wa'azi ne kaɗai yake kiransa haka ba. Masu talla ma suna faɗa, suna dariya.

Idanun ruwan nan fa da suka ba garin suna? An yi ta haƙa rijiyoyi ana jan ruwan ƙasa, har a 1962 suka daina ɓuɓɓugowa. Sunan ya rage, ruwan ya tafi.

KWANA HUƊU NA HUTU

Bari mu bi wani baƙo. A ce ya yi shekara yana aiki, ya gaji, ya tara ɗan abin da ya tara, ya ce zai je ya huta kwana huɗu. Tun a filin jirgin sama, kafin ya ɗauki kayansa, injunan caca suna jiransa, suna walƙiya suna kiɗa.

Da dare ya fita yawo, abin da idonsa ya gani ya fi ƙarfin bakinsa. Ga wani otal an gina shi da siffar kaburburan Fir'aunonin Masar, haske yana tashi daga tsininsa zuwa sama. Ga hasumiyar ƙarfe irin ta birnin Paris, mai rabin tsawon ta ainihi. Ga wani otal da aka haƙa wa magudanan ruwa a ciki, jiragen kwalekwale suna yawo kamar a birnin Venis na Italiya, rufin ɗakin kuma an yi masa fenti kamar sararin sama. Ga tabki a gaban wani otal, ruwa yana tsartuwa sama yana rawa da kiɗa. Akwai wasannin kallo kowane dare: mawaƙa, masu rufa ido, masu alkafura a kan igiya, 'yan dambe. Abinci kuwa sai wanda ka zaɓa.

Amma ka lura da abu guda. Masar ɗin ba Masar ba ce. Paris ɗin ba Paris ba ce. Sararin saman fenti ne. A yawancin otal ɗin kuma, in baƙo zai tafi ɗakinsa, ko wurin abinci, ko wurin kallo, hanyarsa takan bi ta tsakiyar zauren caca. Da wuya ya ga agogo a bango, da wuya ya ga taga. Ba ya sanin ko dare ne ko rana. Muddin yana wasa, ana kawo masa giya kyauta. A teburin caca kuma ana musanya masa kuɗinsa da waɗansu 'yan fayafayai masu launi, domin mutum ba ya jin zafin jefa ɗan faifai kamar yadda yake jin zafin miƙa takardar kuɗi.

Masu magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kamun kifi ba don ƙaunar kifi yake sa tana a ƙugiya ba.

LISSAFIN MAI GIDAN CACA

Wa ya biya kuɗin waɗannan gine-gine? Bari mu yi ɗan lissafi tare.

Akwai wani wasa da ake yi da babban faifai mai juyawa. A kan irin wanda aka saba da shi a Amurka akwai gurabe 38. Ana jefa ɗan ƙwallo, ya yi ta zagayawa, ya faɗa gurbi ɗaya. In ka sa kuɗi a kan lambar da ta fito, za a biya ka ninki 35, a mayar maka da abin da ka sa.

To, a ce ka sa jika ɗaya a kan kowace lamba, duka 38 ɗin. Lalle ɗaya za ta fito, ba makawa. Ka fitar da jika 38. An ba ka jika 35, an haɗa maka da jikarka ɗaya, ya zama 36. Ka ci, amma ka yi hasarar jika 2. Wannan ita ce ribar mai gida: a cikin kowane 100 da aka sa, fiye da 5 nasa ne. Ba ya bukatar maguɗi, ba ya bukatar sa'a. Abin da yake bukata kawai shi ne ka daɗe a zaune. Saboda haka babu agogo.

A shekarar 2023 gidajen caca na jihar Nevada sun ci fiye da dalar Amurka miliyan dubu 15 daga hannun 'yan wasa. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wannan kuɗi ba daga gona ya fito ba, ba daga maƙera ba. Daga aljihun waɗanda aka cinye ya fito: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, guzurin tsufa. A caca ba a haifar da kome. Murnar ɗaya kukan wani ce.

MUTUMIN DA YA CI

Watakila ka ce, "Ai waɗansu suna ci." Gaskiya ne. Ga labarin wanda ya ci.

Sunansa Archie Karas, haifaffen ƙasar Girka. A ƙarshen 1992 ya shiga Las Vegas da dala 50 a aljihu. Wani ya ranta masa dala 10,000. Ya yi ta wasa yana ci, har manyan gwanayen karta suka ji tsoron zama da shi. Kafin farkon 1995 ya tara wajen dala miliyan 40. Da ya tashi a ranar, da shi da 'ya'ya da jikoki ba za su iya cinye wannan dukiya ba. Bai tashi ba. Cikin wannan shekara ta 1995 ya rasa kuɗin duka. A 2013 aka kama shi da laifin yi wa karta alama a wani gidan caca. Daga baya jihar Nevada ta sa sunansa cikin jerin waɗanda aka hana shiga gidajen cacarta. Ya mutu a 2024.

Me ya hana shi tashi? Ƙishirwa. Dala 50 ba ta kashe ta ba, miliyan 40 ma ba ta kashe ta ba. Sarki Sulemanu, wanda ya fi sarakunan zamaninsa dukiya, ya gane haka tun da daɗewa. A littafin Mai Hadishi sura 5 an koya mana cewa wanda ya ba kuɗi zuciyarsa ba zai taɓa cewa sun ishe shi ba. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Timoti, a wasiƙarsa ta fari sura 6, cewa masu ɗokin yin arziki tarko suke faɗawa, daga ƙaunar kuɗi kuma mugayen abubuwa iri iri suke tsirowa. Kakanninmu sun taƙaita zancen: kwaɗayi mabuɗin wahala.

A ƙarƙashin wannan birni mai fitilu akwai manyan magudanai da aka gina domin ruwan ambaliya. A cikinsu akwai mutane marasa gida suna kwana cikin duhu. A sama kiɗa, a ƙasa hawaye.

FITILU SUKAN MUTU

Masu wasan kallo fa? Mawaƙin nan Elvis Presley ya yi wasa a Las Vegas daga 1969 zuwa 1976, zaure yana cika maƙil. A 1977 ya mutu yana da shekara 42. Waɗansu Jamusawa biyu, Siegfried da Roy, sun yi shekaru suna wasan rufa ido da zakoki da fararen damisoshi. Ran 3 ga Oktoba 2003, ranar da Roy ya cika shekara 59, damisarsa ta cafke shi a wuya a gaban 'yan kallo. Ya rayu, amma wasan ya ƙare daga wannan dare.

Otal ɗin da suke wasa a ciki sunansa Mirage. Ka san ma'anar wannan suna? Kawalwalniya! An buɗe shi a 1989, da dutsen aman wuta na ƙarya a ƙofarsa. A 2024 aka rufe shi. Waɗansu otal-otal da suka yi tashe, kamar Dunes da Sands da Stardust da Tropicana, nakiya aka sa musu, suka zube cikin 'yan daƙiƙu, jama'a suna tafi. Akwai ma wani fili a birnin inda ake ajiye tsofaffin allunan fitilu na gidajen da suka shuɗe. Maƙabartar sunaye ke nan.

Ran 21 ga Nuwamba 1980, da sassafe, gobara ta tashi a otal ɗin MGM Grand. Mutum 85 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya same su a benaye na sama. Yawancinsu hutu suka zo. Tikitin komawa gida yana cikin akwatinsu. Ba na cewa sun fi ni ko kai zunubi. Ubangiji Yesu da kansa ya hana mu yin wannan zato, sa'ad da aka yi zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa, a Luka sura 13. Abin da ya ce mu koya shi ne mu tuba tun da sauran lokaci. A Luka sura 12 kuma ya ba da misalin wani manomi da gonarsa ta yi albarka. Ya yi shirin gina manyan rumbuna, ya yi wa kansa alkawarin shekaru na ci da sha da hutawa. A daren nan Allah ya karɓi ransa. Ya yi lissafin hatsi, bai yi lissafin ransa ba.

ABIN DA AKA YI A ƁOYE

A shekarar 2003 masu tallan birnin suka fito da wani take da ya bazu ko'ina. Ma'anarsa ita ce, abin da mutum ya aikata a can, a can zai tsaya. Wato ka zo ka yi abin da ka ga dama, matarka ba za ta ji ba, maƙwabta ba za su sani ba.

Ga abin da ya faru. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da birnin yake sha daga tabkin Mead yake zuwa, bayan madatsar Hoover. Shekaru na fari suka sa tabkin ya yi ta ja da baya, har a 2022 bai kai kashi ɗaya cikin uku na cikarsa ba. A watan Mayu na wannan shekara sai ga wani duron ƙarfe a bakin ruwa, cikinsa gawar mutumin da aka harbe. 'Yan sanda suka duba tufafinsa da takalmansa, suka ce kisan ya kai wajen shekara 40. Wanda ya jefa duron ya ɗauka ruwa ya rufe maganar har abada. Ruwan ya janye.

Haka ranar shari'a za ta zama. Littafi Mai Tsarki, a Ibraniyawa sura 4, ya sanar da mu cewa ba wata halitta da za ta iya ɓuya wa Allah, a gabansa kuma kowa zai ba da lissafin kansa. Babu birni, babu ɗaki, babu duhun dare da idonsa ba ya kaiwa.

ASHE HUTU LAIFI NE?

Ko kaɗan. Allah ne ya fara ba ɗan adam ranar hutu. Ubangiji Yesu ma, da ya ga almajiransa sun gaji har ba su da zarafin cin abinci, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta, kamar yadda Markus sura 6 ya nuna. Ya halarci biki a Kana. Allah ba maƙiyin farin ciki ba ne. A Las Vegas ma akwai majami'u, akwai masu bi, akwai dubban talakawa masu wanke-wanke da shara da tuƙi, suna ciyar da iyalinsu da guminsu. Allah yana ƙaunar mutanen wannan birni kamar yadda yake ƙaunar na garinka.

Tambayar ita ce: wane irin hutu? Hutu na gaskiya yakan mayar da mutum gida da sabon ƙarfi, ya iya duban matarsa da 'ya'yansa ido da ido. Hutun kawalwalniya yakan mayar da shi da bashi, da kunya, da asirin da yake tsoro kada ya tonu.

"AI NI BAN TAƁA ZUWA AMURKA BA"

Gaskiyarka, aboki. Amma ba sai ka hau jirgi ba. Akwai tabarmar karta a bayan tasha. Akwai kuma gidan caca da ya shigo aljihunka ta wayar hannu, inda samari suke sa kuɗi a kan wasan ƙwallon Turai. Wannan ma ba shi da taga, ba ya rufe ƙofa da dare. Lissafinsa ɗaya ne da na faifan nan mai gurabe 38: mai gida ne yake ci.

Ka san yadda abin yake tafiya. Da fari dala ashirin ce, don wasa. Sa'an nan kuɗin cefane. Sa'an nan buhun geron da aka ajiye domin damina, da akuyar uwargida. Sa'an nan ƙarya, gama ɗan caca ba ya rabuwa da ƙarya. Kullum yana cewa, "Bari in mayar da abin da na rasa, in daina." Garin neman gira ya rasa ido.

Ko da ba ka taɓa yin caca ba, kada ka ce ka tsira. Wani kawalwalniyarsa mata ce, wani giya, wani sarauta, wani yabon mutane. Ta bakin annabi Irmiya, a sura 2, Allah ya kai ƙarar mutanensa a kan laifi biyu: sun juya masa baya, shi da yake maɓuɓɓugar rai, suka kuma haƙa wa kansu ramukan tara ruwa masu yoyo. Wannan ƙara ta hau kan dukanmu. Ni ma tana kaina.

RIJIYA TA GASKIYA

Wata rana da tsakar rana Yesu Almasihu ya zauna a bakin wata rijiya a ƙasar Samariya. Labarin yana Yahaya sura 4. Wata mace ta zo ɗiban ruwa. Ta yi aure sau biyar, wanda take zaune da shi kuma ba mijinta ba ne. Ita ma kawalwalniya ta yi ta bi. Yesu ya san asirinta duka, ya kuwa faɗa mata, amma bai kore ta ba. Ya nuna mata cewa ruwan rijiya na ɗan lokaci ne, shi kuwa yana ba da ruwan da yake zama maɓuɓɓuga a cikin mutum, har zuwa rai madawwami. Matar ta manta da tulunta, ta sheƙa gari tana kiran mutane.

Wannan ruwa kyauta ne, amma ba irin kyautar giyar gidan caca ba. Babu ƙugiya a cikinsa. An riga an biya tamaninsa. Sa'ad da aka gicciye Yesu, sojojin da suke gadi suka zauna a gindin gicciyen suna kuri'a a kan rigarsa. Dubi wannan abu! A ƙasa mutane suna neman sa'a a kan ɗan ƙyalle, a sama Ɗan Rago na Allah yana zub da jininsa domin zunubansu. Ɗaya daga cikinsu ya ci riga. Mai Ceto kuwa yana bisa kansu, ba su ɗaga ido ba.

A gidan caca, talaka yana hasara domin mai gida ya yi arziki. A kan gicciye, Mai dukan abu ya ba da ransa domin matalauta su sami gafara. Ya mutu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Yana da rai yau. Ceton da yake bayarwa ba sa'a ba ce, ba kuri'a ba ce. Alkawari ne na Allah wanda ba ya ƙarya.

ME ZA KA YI?

Caca mafi muni ita ce mutum ya sa ransa a kan gobe. Ba wanda aka ba tabbacin gobe. In ka ji muryar Allah yau, ga hanya.

Ka yarda kai mai zunubi ne, ka daina kare kanka. Ka gaskata Yesu Almasihu ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka tuba, wato ka juya akala daga kawalwalniya. In caca ta kama ka, ka faɗa wa iyalinka gaskiya, ka daina bin kuɗin da suka tafi, ka damƙa ajiyarka a hannun mai amana, ka soma biyan bashinka kaɗan kaɗan da aikin hannunka. Kada ka yi wannan yaƙi kai kaɗai. Ka nemi fasto ko wani mai bi da ke kusa da kai, ku yi addu'a tare, ka soma karanta Bishara ta hannun Yahaya.

In zuciyarka ta yarda, ka yi wannan addu'a:

"Ya Allah, na daɗe ina bin abin da ba ya ƙosarwa. Na yi maka zunubi, na cuci iyalina, na cuci kaina. Ba abin da na ɓoye da ba ka sani ba. Na gode da ka aiko Yesu Almasihu ya mutu a madadina. Ka gafarta mini saboda jininsa. Ka ba ni ruwan rai, ka kwance ni daga tarkon da na faɗa. Daga yau ni naka ne. A cikin sunan Yesu, amin."

Ya mai karatu, rana tana yi, salka tana ƙarewa. Rijiyar tana kusa. Ka zo ka sha.